Kuɗin 'yan tafiya a asusun mai POS

Tambaya: Ina da shagon POS kusa da wata tashar mota a Kano. Wani mutum ya roƙe ni a riƙa turo kuɗin yaransa 'yan tafiya ta asusuna, in cire masa ya ba ni lada mai tsoka. Yanzu banki ya kira ni yana tambayar tushen kuɗin. Ai ba su taɓa kai miliyan 5 ba, me ya ja hankalinsu?

Amsa: Ɗan'uwa, maganar miliyan 5 gaskiya ce, amma rabinta ka riƙe. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta wajabta wa banki ya sanar da NFIU, hukumar tattara bayanan sirri kan harkar kuɗi, duk hada-hadar da ta haura naira miliyan 5 ta mutum ɗaya, ko miliyan 10 ta kamfani. Dokar ta kuma ce duk kuɗin da aka yi shakkarsa, komai ƙanƙantarsa, a kai rahotonsa cikin awa 24, kuma an hana ma'aikacin banki ya gaya maka ya kai.

Kwamfutar banki yanayin shige da ficen kuɗi take karantawa. Ka duba naka: mutane daga garuruwa daban-daban, ba su san juna ba, kowa ya turo adadi kusan iri ɗaya, sannan a kwashe duka a lakadan kafin gari ya waye. Mai sayar da atamfa ba haka asusunsa yake tafiya ba. Haka kuɗin masu safarar mutane ta hanyar Damagaram zuwa Agadez da Sabha ta ƙasar Libiya yake tafiya, kuma haka kuɗin fansa yake shigowa idan aka tsare yaro a Libiya aka bugo wa iyayensa waya suna jin kukansa.

Akwai alamun da ido ke gani fiye da na'ura. Yarinya ta zo cire kuɗi, wani na tsaye a kanta, katin yana hannunsa, shi ke danna lambar sirri, shi ke amsa tambaya. Ko albashin 'yan aikatau da yawa yana taruwa a asusun mace ɗaya duk ƙarshen wata. Wannan na biyun ya fi tayar mini da hankali, domin mun saba ganinsa har mun daina ɗaukarsa laifi.

Ban ce lallai mutumin nan mai safara ba ne. Amma BVN ɗinka ne a jikin asusun, kuma idan bincike ya taso ƙofarka za a fara ƙwanƙwasawa.

Ka daina karɓar kuɗin daga yau. Ka tattara rasit, lambobin wayar da suka turo, da ranakun da ka miƙa masa kuɗi, ka kai wa banki ka faɗi gaskiya. Kada ka goge saƙo ko ɗaya. Idan ka taɓa ganin yaran da idonka, ko ka ji inda za a kai su, ka je ofishin NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane, na Kano da takardun nan, kuma kada ka sanar da shi za ka je.