Amsa ga mai son maida Baba ƙauye saboda hawan jini

Ɗan'uwa, ka ce an auna Baba an ga jininsa ya hau, kana shawarar maida shi ƙauye ya huta da hayaniyar Maradi, kana tambaya ko zaman karkara ya fi lafiya. Allah ya ba shi sauƙi. Na daɗe ina koyarwa a wani ƙauye na yankin Mayahi kafin a dawo da ni birni, bari in faɗa maka abin da idona ya gani.

Ba musu, jiki ya fi sakewa a can. Mutum ya sha fura da nono, ya ci tuwon hatsi, ya taka zuwa gona da ƙafarsa, bayan isha'i gari ya yi tsit. Mu nan daga kabu-kabu sai bencin shago, ga shayi mai suga, ga dunƙule a kowace miya, ga kuɗin haya da na wuta, ga 'yan'uwan gida da ke ganin duk wanda ke zaune Maradi Alhaji ne. 'Yan kasuwar da rufe iyakar Nijar da Najeriya ya ritsa da su a 2019 da 2023 sun san yadda lissafi ke hana barci.

Amma kada wani ya ce maka ƙauye babu damuwa. Tasu da lokacinta take zuwa. Je ka a watan Agusta, rumbu ya yi ƙasa, hatsi bai nuna ba, ruwa ya ɗauke, ka ga yadda magidanci ke duban gabas. Daidai lokacin zazzaɓin cizon sauro ke kwantar da yara. Wajen Madarunfa da Gidan Rumji kuwa akwai garuruwan da ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane suka hana mutane kwana cikin ɗakunansu.

Maganar da ba na so ita ce wai mutanen ƙauye ba su yin hawan jini. Suna yi, awo ne ba a yi musu. Ciwon yana iya shekaru bai nuna komai ba. Ranar da dattijo ya yanke jiki ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye, sai a ce iska ce, a fara turare da rubutu. Na ga an aza irin wannan mara lafiya bisa amalanke, shanu na jan shi cikin rairayi zuwa gidan likita, daga can kuma a jira motar da za ta kawo shi Maradi. Wannan jinkirin shi ke cin mutane.

Maganin Baba kullum ake shansa, ko ya ji garau. Kyautar magani da gwamnatin Nijar ta fara a 2006 ta yara 'yan ƙasa da shekara 5 ce da masu juna biyu, ba ta haɗa da dattawa ba. Saboda haka ka bincika nisan garinku da gidan likita, da wanda zai riƙa dafa masa abinci mai ƙarancin gishiri, don a gidan yawa ba a raba tukunya saboda mutum ɗaya.

Shi Baban ma ka tambaye shi. In abokan hirarsa suna can, zaman ɗaki shi kaɗai a nan yana ƙara masa tunani. Da ni ne, sai in bari a yi kaka ya tafi da maganin da zai ishe shi da na'urar awon jini, a koya wa wani yaro amfani da ita, ya yi sanyi a can, ya dawo a duba shi kafin zafin Afrilu.