Ruwan rijiyarmu garau yake, ko akwai guba a ciki?

Wasiƙun wannan makon uku ne, kuma duk a bakin rijiya suka haɗu.

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Daga yankin Anka nake. Maigidana yana aikin zinare, wani lokaci yakan shigo da duwatsun gida a daka. Rijiyarmu a tsakar gida take, ruwanta garau, ba wari. Dalma za ta iya shiga ciki?

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Za ta iya, kuma ido ba ya ganinta, harshe ba ya jin ɗanɗanonta. Dalma ba mai gaggawar nutsewa cikin ƙasa ba ce. Yumɓu da ruɓaɓɓen ganye suna riƙe ta kamar yadda ƙarangiya ke manne wa zane, shi ya sa mafi yawanta ke zama a saman ƙasa, daidai inda yaro ke rarrafe yana kai hannu baki. Amma a jigawa, ko inda ƙasa ta yi tsami, ko ta tsattsage da rani, ruwan farkon damina kan ja ta zuwa ƙasa. Hanyar da ta fi ba ni tsoro dai ita ce ta sama: ƙurar daka da ke faɗawa rijiya marar murfi, igiyar guga da ake yarwa a ƙasa a sake zurawa, da ruwan sama da ke share tsakar gida ya gangara ciki.

Ke kin fi ni sanin abin da ya faru a 2010. A ƙauyukan jihar Zamfara irin su Dareta da Yargalma da Bagega, an riƙa niƙa duwatsun zinare masu ɗauke da dalma a cikin gari, har da injin niƙan hatsi, yara fiye da 400 suka rasu. Da likitocin ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa MSF suka zo, sai da aka kankare saman ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, domin ba amfanin ba yaro magani ya koma cikin ƙurar da ta kwantar da shi. A 2015 kuma aka sake ganin irin haka a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja.

Ki lallaɓa maigida, a bar dutse can wurin aiki. Ya yi wanka ya sauya kaya kafin ya ɗauki yaro. A ɗaga bakin rijiya da siminti, a yi mata murfi, guga ya samu wurin ratayewa. Yara 'yan ƙasa da shekara 5 a kai su gwajin jini ko da suna wasansu lafiya lau. Idan aka ga amai, ciwon ciki, yawan kasala ko jijjiga, kada a kwana. Af, har wani kwallin da ake zizara wa jarirai yana ɗauke da dalma, gara a haƙura da shi.

Tambaya: Likita, idan na tafasa ruwan fa, ko na sa alif?

Amsa: Malam, tafasawa ƙwayoyin cuta take kashewa, ƙarfe kuwa ba ya mutuwa. Ruwa ne ke tashi a tururi, dalmar ta rage a tukunya, ta ma ƙara yawa a ɗan abin da ya saura. Alif yana kwantar da laka, amma ba abin dogaro ba ne a nan. A kai ruwan ɗakin gwaji. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne kada dalma ta wuce maikirogiram 10 a lita guda (maikirogiram shi ne kashi ɗaya cikin miliyan na giram).

Tambaya: Ranka ya daɗe, muna zaune kusa da masana'antun jima a Kano. Idan muka haƙa burtsatse mai zurfi, mun tsira?

Amsa: Alhaji, zurfi yana taimakawa, musamman idan akwai shimfiɗar yumɓu tsakanin ruwan sama-sama da na can ƙasa. Sai dai sinadarin kuromiyom da ake jima da shi a wurare kamar Challawa da Sharaɗa yana da fuska biyu: ɗaya tana manne wa ƙasa, ɗayar kuma, wadda ta fi illa, tana narkewa ta bi ruwa ta yi nisa. Idan mai haƙa bai toshe gefen bututu da siminti ba, ƙazamin ruwan sama-sama zai bi jikin bututun ya sauka, ka biya kuɗi ka buɗe wa guba hanya da hannunka.

Wani lokacin ma ba masana'anta ba ce. A Bangaladash an haƙa miliyoyin famfunan tuƙa-tuƙa don gudun kwalara da gudawa, sai a shekarun 1990 aka gano asanik, gubar da ke cikin ƙasar tun asali, tana narkewa cikin ruwan inda iska ba ta kaiwa. Har fenti aka riƙa shafa wa famfuna, ja ga mai guba, kore ga mai kyau. Don haka ka gwada ruwan kafin iyali su fara sha, ka sake gwadawa bayan damina ta sauka.