Ɗana ya ajiye littafi ya koma kallon darasin adabi a YouTube, ko zai wadatar?

Tambaya: Malam, ɗana yana aji biyun babbar sakandare, kuma zai rubuta darasin adabin Turanci a WAEC. Na saya masa littattafan duka, amma ga su can sun yi ƙura. Kullum yana kan waya, wai akwai wani Bature da ke bayanin littattafan a bidiyo, ya fi malaminsu iya koyarwa. In bar shi ko in ƙwace wayar? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Hajiya, kada ki ƙwace wayar, amma kada ki yarda ta maye gurbin littafin. Yaronki ya faɗi gaskiya a wani ɓangare, domin cikin waɗannan shirye-shirye akwai masu kyau ƙwarai.

Wanda ya fi shahara shi ne Crash Course, wanda wasu 'yan'uwa biyu Amurkawa, John Green da Hank Green, suka fara a YouTube a 2012. John, wanda shi kansa marubuci ne, shi ya ɗauki ɓangaren adabi. Kowane darasi bai cika wuce minti goma sha biyu ba, da zane-zane da barkwanci, kuma ya taɓo Shakespeare da Homer, tsohon mawaƙin Girka, har ma ya ware darasi biyu ga Things Fall Apart na Chinua Achebe. Akwai kuma TED-Ed mai gajerun bidiyoyi na minti huɗu ko biyar, waɗanda aikinsu kwaɗaitar da mutum ya je ya karanta ne kawai. A can ɗaya gefen, jami'ar Yale ta fara sakin laccocin malamanta kyauta tun 2007, inda za ka ga farfesa ya kwashe zangon karatu guda a kan tsofaffin mawaƙan Turai irin su Milton ko Dante. Wannan na ƙarshe ya yi wa ɗan sakandare nauyi, a bar wa 'yan jami'a.

Inda gizo ke saƙar shi ne, minti goma sha biyu me zai ɗauka? Zai ba ka labari a dunƙule, da jigo, da ra'ayin mai gabatarwa. Abin da ba zai ɗauka ba shi ne kalmomin marubucin, alhali adabi a cikin kalmomin yake. Ki ɗauki littafin Achebe ɗin nan da ya fito a 1958. Cikin numfashi uku za a iya gaya wa yaro cewa Okonkwo jarumi ne mai tsoron a ce ya gaji ragwancin ubansa, ya kashe yaron da ya tashi a gidansa, daga baya ya kashe wani yaron bisa kuskure aka kore shi shekara bakwai, ya dawo ya tarar Turawa sun canza garin. Shi ke nan, labari ya ƙare. To ina karin maganar da dattawan Ibo ke jefa wa juna kafin su shiga zance? Ina yadda marubucin ya lanƙwasa Turanci har ya riƙa ƙamshin harshen ƙauyen? Wanda ya ji labarin tuwo a bakin wani bai ci tuwo ba.

Kuma jarrabawar da zai shiga ta san da wannan. A takardar zaɓi-ɗaya ta WAEC ana ciro layuka daga wasan Shakespeare da aka ware, a tambayi wa ya faɗa, wa aka faɗa wa, a ina, kuma me ya biyo baya. Ana kuma kawo waƙa da zube waɗanda ɗalibi bai taɓa gani ba, a ce ya fayyace. Babu bidiyon da zai cece shi a nan sai idonsa ya saba da rubutun. Ga wani abin: an shirya Crash Course ne da ɗaliban Amurka a rai, don haka yawancin littattafan Afirka da ke manhajarmu ba za a same su a can ba.

Na taɓa duba takardun jarrabawar wani aji, sai na ci karo da jimla ɗaya a takardu bakwai, kalma ba ta sauya ba, har da wani barkwanci da bai dace da tambayar ba. Da na bincika, ashe duk bidiyo guda suka kalla a wayar mutum ɗaya daren jarrabawa. Da na ce wani ya nuna mini shafin da hujjarsa take, sai ya riƙa juya littafin kamar yau ya fara riƙe shi, wasu shafukan ma ba a taɓa buɗe su ba.

Mu kuwa muna da ma'aunin gane malamin kirki tun a karatun zaure. Almajiri yana riƙe da Ishiriniya ko Muƙamatul Hariri, ya ja baƙi, malam ya fassara, ya tsaya a kan kalma guda ya warware ta. Littafi a buɗe yake a gaban kowa. Da wannan za ki auna kowane bidiyo: idan mai bayani yana ɗora layukan littafin a allo yana bin su, malami ne. Idan labari kawai yake zubawa da sauri, ɗan tallan littafi ne, a saurare shi sau ɗaya a wuce.

Ga yadda zan so ku tsara. Ya kalli bidiyon tukuna don ya san su wane ne a labarin, musamman a Shakespeare inda tsohon Turancin ke firgita yara. Sannan ya ajiye wayar ya karanta babi biyu ko fitowa ɗaya, da biro a hannu. Bayan ya gama littafin ya sake kallo, ya rubuta wuri ɗaya da bai yarda da mai bayanin ba, tare da lambar shafi. John Green yana magana kamar ana korarsa, don haka ya kunna rubutun ƙasan allo, ya rage saurin zuwa 0.75. Saboda tsadar data kuma, ya rage ingancin hoton zuwa 360p, tunda murya ake nema.

Ke ma kina da rawar takawa ko ba ki karanta littafin ba. Bayan sallar isha ki ce ya karanta miki shafi ɗaya da ƙarfi, ya fassara miki da Hausa. A nan za ki gane ko ya karanta ko kallo kawai ya yi.