Ga amaryar Samaru da cefane ba ya kai ta ƙarshen wata

Wa alaikumus salam 'yata. Tun jiya da daddare na ga tambayarki. Kin ce ku biyu ne kacal, ke da maigidanki, a gidan haya a Samaru, amma kuɗin cefane ba ya kai ku ashirin ga wata, kina mamakin yadda kakanninmu suka ciyar da gidan mutum ashirin ba su da albashi. Na ga wasu sun amsa miki da cewa ai a da kaya na da araha. Haka ne, sai dai kuɗin ma a lokacin wuyar gani gare su. Ina 'yar shekara goma aka canza kuɗi daga fam zuwa naira a 1973, fam ɗaya ya koma naira biyu, kuma na san magidantan da sai su yi mako sule bai kwana a aljihunsu ba. Duk da haka ba a taɓa kife tukunya a gidajensu ba.

A cikin birnin Zariya na tashi, wajen Ƙofar Doka, a hannun kakata ta wajen uba, muna ce mata Inna. Abin da na fi tunawa da ita shi ne mudu. Makullin ɗakin hatsi yana ɗaure a bakin zaninta, kuma ba mai girkin da ke ɗibar hatsi da ka. Kullum da safe ita za ta auna ta miƙa wa mai aikin ranar. Ta san mudu nawa gidan ke ci a yini, don haka ta san dami nawa zai kai mu wata kakar. In aka yi baƙi ta ƙara, in wani ya yi tafiya ta rage. Daidai ruwa daidai tsaki.

To ke fa, kin san tiya nawa ta shinkafa kuke ci a wata? Kwalba nawa ta mai? Yawancin 'ya'yanmu in na yi musu wannan tambayar sai su yi dariya, ba su sani ba. Ana zuba shinkafa a tukunya da ido, a ci rabi, rabi ya kwana, ba wuta firji ya huce, da safe a kai bola. Kafin ki ce kuɗin bai isa ba, samo gwangwanin madara ɗaya ki mayar da shi ma'auninki, ki yi wata guda kina rubuta abin da kika ɗiba. Ni da na gwada haka a farkon aurena na tarar mai da sukari ne ke cinye mu, ba hatsi ba.

Sai maganar lokacin saye, wadda a ganina ita ce uwa. Kakanninmu ba sa awon yau da gobe sai dole. Da kaka, daga wajen Oktoba zuwa Disamba, lokacin da masara da dawa da wake suka cika kasuwa, a nan maigida ke ƙoƙarin ajiye na shekara. Mai gona ya cika rumbu, marar gona ya sayar da tunkiya ya saya. Wanda ya bari sai damina ta yi nisa, ana tsakiyar Yuli ko Agusta, shi ke saye da tsada, kuma har gobe haka abin yake a mafi yawan shekaru. Buhun masara yana ɗaukar kamar tiya arba'in. Ku biyu ba ku bukatar buhu, amma me zai hana ku haɗa kai da maƙwabta biyu ko uku ku sayi ɗaya ku raba? Mai shagon unguwa da kike aika yaro wurinsa kullum, ai ribarsa a ƙulle-ƙullen ledar nan take.

Kayan miya ma haka. Idan tumatirin fadama ya fito da rani, irin na bakin kogin Galma, har ya rasa mai saye, Inna takan sa mu yanka kwando guda mu shanya a kan tabarma ya zama kauɗa. Kuɓewa a yanka a busar a daka. Kuka, karkashi, barkono, daddawa, kowanne da tukunyarsa. A bayan ɗaki kuma ga zogale, ga rama da yakuwa, ba wanda ya taɓa sayensu a gidanmu. Da damina tumatir ya yi tsada, mu ko a jikinmu. Ko a gidan haya kike, tsohon bokiti biyu da ƙasa sun ishe ki shuka alayyafo.

Amma bari in faɗa miki inda na yi ɓarna, kada ki maimaita. Na yi aure a 1984, zamanin da ake bin layin sayen madara da sabulu da shinkafa. Tsoron tsada ya sa na sayi rabin buhun wake na jingine a lungu, ban yi masa komai ba. Wata uku na buɗe, duk ya huje, sai gari da ƙwari. Na yi kuka ranar. Inna da toka take cuɗa nata, ta zuba busasshen barkono, ta liƙe bakin tukunyar da laka. Yanzu abin ya fi sauƙi: ki shanya waken ya bushe ƙayau, ki ɗura a jarka mai tsabta ki cika ta har wuya, ki toshe yadda iska ba za ta shiga ba, ƙwarin da kansu za su mutu. Akwai kuma buhun nan mai leda biyu a ciki. Don Allah kada ki zuba maganin ƙwari a abin da za ku ci.

Ragowar abinci kuwa ba a san shi da sunan shara ba. Tuwon dare shi ne ɗumamen safe, kuma har yau ban ga shayi da burodin da ya kai shi riƙe ciki ba. Ƙanzon tukunya a jiƙa ko a shanya, in ya taru a yi kwaɗonsa da ƙuli-ƙuli. Dusa ta awaki ce, tsaki na kaji. Zani in ya tsufa ya zama na aikin gida, daga nan ya zama majanyi ko tsumman goge ɗaki. Riga daga wa sai ƙane.

Kuɗi kuma suna da ɗakuna biyu, asusu da adashi. Asusun ƙasa ake saya wajen masu tukwane, ba a fasa shi sai azumi ya kawo kai. Adashi da shi mata ke sayen akuya ko kwanukan jere, kuma in ta ɓaci, su ake ɗagawa a sayar. Ki yi adashi, amma da waɗanda kika san gidajensu. Na taɓa zubi wata bakwai wajen wata uwar adashi da ban san asalinta ba, kwasata na zuwa ta tashi daga unguwar.

Kada kuma in yi miki daɗin baki. Ba duk abin da suka yi ne zai yiwu gare ki ba. Wancan tattalin a kan gumin mata ya tsaya: surfe, daka, niƙa a dutse, jan ruwa a rijiya, hayaƙin ɗanyen itace har ido ya lalace. Mata huɗu ko biyar ke raba aikin, ke kuwa ke kaɗai ce, ga shi kin ce kina zuwa aiki. Su ba su biyan haya, ba kuɗin wuta, ba katin waya. Kananzir da muke raina wa a fitilar ƙwai yau ya fi ƙarfin talaka, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota daga Samaru zuwa kasuwar Sabon Gari kaɗai ya isa a yi lissafinsa. Saboda haka ki riƙa haɗa sayayyarki a tafiya ɗaya, kuma in gas ɗinki ya fi miki sauƙi ki riƙe abinki, sai dai ki jiƙa wake kafin ki ɗora, ki rufe tukunya.

Wata a ƙasan tambayarki ta rubuta cewa tsofaffin da rowa ce kawai ke damunsu. Ban yarda ba. Inna, matar nan da ke ƙirga ƙwayar ashana, a cikin awon da take yi kullum akwai kwanon almajiri, akwai na tsohuwar da ke maƙwabtaka da mu wadda ba ta da kowa, akwai kuma malmala biyu da ake rufewa a akushi ko baƙo zai sauka bayan isha'i. In bai zo ba, mu yara mu ci ɗumamensu. Wannan rabon yana cikin lissafi tun daga kaka, shi ya sa ba ya gagara.

Ki zauna da maigidanki ku yi maganar, don in ke kina aunawa shi yana shigowa da tsire da lemon kwalba kowane dare, aikin banza kike. Ki fara da gwangwanin nan da ɗan littafi. In wata ya cika ki dawo ki gaya mana abin da kika gani, sai mu duba me ya kamata ku fara saye da yawa kafin kaka ta wuce. Ki gaishe da maigidan.