An Sace Min Kwamfuta, Za A Iya Gano Inda Take?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a Zariya. Shekaranjiya aka fasa ɗakinmu aka ɗauke min kwamfutar cinya, HP mai Windows 11. Wani ya ce in kawo kuɗi zai bi min sawunta kamar yadda ake bin waya. Shin hakan zai yiwu?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya mayar maka da alheri, ɗan'uwa. Kafin komai, riƙe kuɗinka. Waya tana da IMEI (lambar shaidar da kowace waya ke ɗauke da ita) da layi, duk inda ta kama sabis kamfanin sadarwa ya san turken da ta hau. Yawancin kwamfutocin cinya ba su da layi, ba su da IMEI, ba su da GPS. Kwamfuta ba ta bayyana sai an kunna ta an haɗa ta da intanet, kuma sai idan akwai abin da ka saita tun tana hannunka. Duk wanda ya ce da lambar jikinta kaɗai zai nuna maka gidan ɓarawo a taswira, sata ta biyu yake shirin yi maka.

Fara da asusun Microsoft. A wayarka buɗe account.microsoft.com/devices, ka shiga da adireshin imel ɗin da kake buɗe kwamfutar da shi. Idan ta fito a jerin, danna "Find my device". Wannan yana aiki ne kawai idan da asusun Microsoft kake shiga kwamfutar a matsayin mai cikakken iko, kuma an kunna wannan saitin tare da saitin nuna wuri. A nan da yawa ke faɗuwa, domin masu shago kan ɗora Windows da asusun cikin na'ura don a gama da sauri. Idan ka yi sa'a ta nuna wuri, ka sani daga Wi-Fi na kewaye take ƙiyastawa, unguwa za ta ba ka ko titi, da wuya ta ba ka ƙofar gida. Ɗauki hoton allon har da ranar da lokacin, sannan ka danna "Lock" ka rubuta saƙo da lambar da za a same ka. Wannan maɓallin kullewa kawai yake yi, ba ya goge komai.

Sai Gmail, kuma a nan akwai abin lura: duba kafin ka canza kalmar sirri, domin canzawar tana fitar da kwamfutar daga asusun, sawun ya yanke. Buɗe Gmail a wata kwamfuta, can ƙasan shafi ta dama akwai "Details". Zai nuna maka shigar baya-bayan nan da lambar IP (adireshin intanet da aka shiga da shi) ta kowacce. Idan ka ga shiga bayan lokacin satar, kwafe lambar da lokacin daidai minti. Kada ka ruɗu idan ta nuna Legas alhali kayan na Sabon Gari. Kamfanonin layin waya suna raba lamba ɗaya ga mutane masu ɗimbin yawa. Kamfanin ne kaɗai zai iya cewa wane layi ne, kuma ba zai faɗa maka ba sai da takardar hukuma. Da ka gama dubawa, a zaman nan, canza kalmomin sirrin imel, banki da Facebook, ka cire kwamfutar daga WhatsApp ta "Linked devices". Idan ba a kunna BitLocker ba (tsarin Windows da ke kulle bayanan faifan ajiya), kalmar sirrin Windows ba ta tsare fayilolinka: a zare faifan a jona a wata kwamfuta, komai a buɗe yake.

Gaskiyar magana, wannan damar gajeriya ce. Ɓarawon da ya san sana'arsa ba ya haɗa ta da intanet. Kai tsaye wajen mai gyara zai kai a goge ta a ɗora sabon Windows, aikin da bai kai awa ɗaya ba. Daga nan duk abin da na lissafa ya mutu. Abin da ke tsira shi ne manhajar bin sawu mai suna Absolute da ke zaune a BIOS (tsarin cikin na'ura da ke tashi kafin Windows) na wasu HP, Dell da Lenovo, ita ma sai an biya an kunna ta tun farko. Masu MacBook sun fi samun sauƙi, don tasu kan aika alama ta Bluetooth ta na'urorin Apple da ke kusa ko ba intanet.

Abin da gogewa ba ta taɓawa shi ne lambar siriyal, wato lambar shaidar da kamfani ya ba kwamfutar, kuma a ganina ita ce babbar madogararka. Nemo ta a kwali, a rasit, ko a wancan shafin na Microsoft cikin bayanan na'urar. Kai ta ofishin 'yan sanda na yankin da aka yi satar tare da hotunan da ka ɗauka, ka karɓi takardar shaidar rahoto, ka kuma sanar da masu tsaron makaranta. Sannan ka kai kwafi ga shugabannin ƙungiyar masu sayar da kwamfuta da masu gyara a garinku. Kaya irin wannan ba ya kwana inda aka sace shi, don haka ka aika har kasuwannin kwamfuta da waya na Titin Beirut da Farm Center a Kano, da Banex a Abuja in kana da wanda zai kai. Haɗa da alamun da kai kaɗai ka sani: tsagewa a gefen murfi, maɓallin da ya goge, tabon sitika. Ka riƙa leƙa shafukan saye da sayarwa na Jiji da Facebook Marketplace ma.

Idan ka gan ta, kada ka je kai kaɗai, kada ka kwashi abokai ku far wa gida. Sau da yawa wanda take hannunsa saye ya yi, na biyu ne ko na uku. Ka je da ɗan sandan da ke riƙe da ƙarar, a duba lambar a cikin BIOS a gaban kowa, domin sitikar ƙasa ana iya ɓare ta ko a musanya murfin. A HP, ana kunnawa a riƙa danna Esc, sai F1, lambar za ta fito.