Zara da Gamzaki, da sauran tambayoyinku

Wani ɗalibi daga Ƙofar Ƙaura yana tambaya: Malam, Zara da Gamzaki taurari biyu ne?

Abu ɗaya ne ɗana, Zuhura ce. In ta fito bayan magariba mu ce Zara matar wata, in ta riga rana fitowa da asuba mu ce Gamzaki. Kuma a ƙa'ida ba tauraro ba ce, duniya ce mai kewaya rana irin tamu, haskenta ma aro ne. Nan nake samun matsala da wasu masu fassara a rediyo, komai ya ƙyalla a sama sai su ce tauraro, alhali malamanmu na zaure sun san duniyoyin Mirriku da Mushtari da Zuhalu tun tuni, a garin da ya haifi Muhammadu al-Katsinawi masanin hisabi da ya rasu a Alƙahira a 1741! Tauraro wuta ce mai cin kanta, ranar nan tamu ma tauraro ce. Kusan shekara biliyan 4.6 da suka wuce wani gajimaren ƙura da iskar gas ya dunƙule yana juyawa har ya baje kamar faifai, tsakiyar ta kama da wuta ta zama rana, ragowar garin ya dinga mannewa da juna kamar ana cura fura, su ne duniyoyi.

Wata malama daga Daura: jam'in duniya duniyoyi ne?

E, Hajiya. Kuma yanzu kalmar ta samu aiki, don an tabbatar da sama da 5,000 a kewayen wasu taurarin. Ta farko da aka gano tana zagaya tauraro irin rana, Michel Mayor da Didier Queloz ne suka gano ta a 1995, ba ma ganinta suka yi ba, tauraron suka lura yana ɗan rangaji, kamar yadda jikinki zai yi in kina wulwula guga cike da ruwa. Wata dabarar kuma a jira ta gitta ta gaban tauraron hasken ya ɗan dushe, kamar ƙwaro ya ratsa gaban fitila.

Wani kuma: me ya sa ake cewa tauraruwa mai wutsiya ganinki ba alheri ba?

Don ba a saba ganinta ba, sai a ɗora mata mutuwar manya. Dunƙulen ƙanƙara ne da ƙura, guntun abin da ya rage a faifan can. Karin maganar kuwa, ana faɗa wa mutumin da in ya ɓullo sai an ji wata masifa, ba baƙon da ya daɗe bai leƙo ba kawai, yadda na ji samari suna yi.