Amsa ga mai neman karatun kayan tarihi a tsaunukan Ostiraliya

Assalamu alaikum, ƙanena. Na ga saƙonka inda ka ce ka kammala karatun binciken kayan tarihi a Jami'ar Ahmadu Bello, kana kuma so ka zo digiri na biyu domin shiga aikin gano wuraren tarihin 'yan asalin Ostiraliya a tsaunuka masu nisa.

Ka fara da sanin cewa idonka zai sake koyon aiki. Ka saba da tsingaro da kufai da ragowar wuraren narka tama, amma a nan da wuya ka ci karo da ɗaya daga cikinsu. Abin da ake nema shi ne ɓarɓashin duwatsun da aka fasa aka yi wuƙaƙe, da dutsen niƙa, da bishiyoyin da aka ɓare ɓawonsu, da zane a jikin kogo. Yawancin aikin tafiya ce a ƙafa ana dubawa ana rubutawa, tono kuwa sai da dalili mai ƙarfi. A gandun dajin Wollemi, arewa maso yamma da birnin Sidni, akwai kogon da masu yawon daji suka gani a 1995, amma sai a 2003 masana suka isa suka rubuta zane fiye da 200 da ke jikinsa, saboda wuyar hanya.

Abin da ya fi wannan nauyi shi ne izini. Waɗannan wurare suna da masu su, kuma suna raye. A jihar Biktoriya dokar 2006 ta ba ƙungiyoyin 'yan asalin ƙasa masu rajista ikon amincewa da tsarin aiki ko ƙin sa, dattawa kuma suna iya hana ka ɗaukar hoto ko bayyana inda wuri yake, domin wasu wuraren na maza ne kaɗai, wasu na mata. Tun da kamfanin haƙar ma'adinai na Rio Tinto ya tarwatsa kogunan Juukan a 2020, wuraren da mutane suka zauna shekara 46,000 da suka wuce, ba a wasa da wannan batu. A ganina ba masu wuraren wannan iko ya gyara aikin. Misali, kogon Cloggs da ke jihar Biktoriya, wanda masaniyar kayan tarihi Josephine Flood ta tona a farkon shekarun 1970, al'ummar Gunaikurnai, 'yan asalin yankin, ce ta nemi a sake duba shi tare da Jami'ar Monash, aka kuwa samu ragowar ƙwaron bogong, wani ɗan'uwan malam-buɗe-littafi mai tashi da dare, a jikin dutsen niƙa mai kimanin shekara 2,000, shaidar abincin da mutane ke hawa tsauni su tara.

Saboda haka kafin ka biya kuɗin neman gurbi, ka rubuta wa malamin da kake so ya duba aikinka, ka tambaye shi wace al'umma yake aiki da ita da kuma ko ta yarda da ƙarin ɗalibi. Ka koyi tuƙi tun kana gida, ka kuma tanadi kayan sanyi, domin daga Yuni zuwa Agusta dusar ƙanƙara tana rufe tsaunukan kudu maso gabas.